Jinin da Bai Kai Gaban Alƙali Ba: Kisa, Kare Kai da Shaida a Ƙasar Gummi, Anka da Bukkuyum

Tsakanin ranar 4 da 6 ga Janairun 2022, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Da ƙura ta lafa, gwamnatin Jihar Zamfara ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuwa suka ce adadin ya kai kimanin 200. An fi kallon wannan saɓani a matsayin jayayyar siyasa, alhali matsala ce ta shari'a tun daga tushe. Abu na farko da kowace kotu ke nema a shari'ar kisan kai shi ne tabbacin cewa wane ɗan wane ya mutu. Idan hukuma da jama'a ba su daidaita a kan yawan mamata ba, to ba a ma kai ga tambayar wa ya kashe su ba, balle a tambayi niyyarsa ko uzurinsa. Matsayin wannan maƙala shi ne, dokokin kisa, kariya da shaida da ake da su a Zamfara sun wadatar a rubuce, kuma fiƙihun Malikiyya da dokar boko sun haɗu a kan manyan ƙa'idojinsu. Abin da ya lalace shi ne aiki da su, tare da ma'anar kalmomin Hausa da ke ɗauke da su. Gyaran wannan ɓangare na biyu yana wuyan masana Hausa.

Gadon shari'a biyu

Ƙasar Gummi ba baƙuwar ilimin shari'a ba ce. A garin aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙali, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Sarkin Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, Babban Jojin Birnin Tarayya Abuja ne kafin ya hau gadon sarauta a 2013. Mutanen biyu suna wakiltar tafarki biyu da shari'ar kisa ta bi a Arewa, kuma tarihin haɗuwar tafarkin nan ya fara ne da wata shari'ar kisan kai.

A 1947, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba. Dalilin kotun shi ne an tsokane shi kafin ya yi kisan, kuma a ƙarƙashin dokar Turawa ta lokacin tsokana tana sauke laifi daga matakin da ake kashe mutum a kansa. Fiƙihun Malikiyya kuwa bai ɗauki tsokana a matsayin uzurin da ke kawar da ƙisasi ba. Wannan saɓani ya ci gaba da damun kotuna har 1958, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da mambobi irin su Farfesa J.N.D. Anderson da Shettima Kashim. Daga shawarar kwamitin aka samar da kundin laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, wanda aka ɗora a kan na Sudan, ya kuma fara aiki ranar 30 ga Satumban 1960. Bayan kusan shekara 40, a Janairun 2000, Zamfara ta zama jiha ta farko da ta dawo da hukuncin laifuffuka na Musulunci a rubutaccen kundi. Saboda haka mutumin Gummi a yau yana zaune ne a inuwar dokoki biyu, ga kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 a bisa su duka.

Wane ne ya kashe?

Malikiyya sun raba kisa gida biyu: na ganganci da na kuskure. Na ganganci hukuncinsa ƙisasi ne, sai idan waliyyan mamaci sun yi afuwa ko sun karɓi diyya, kuma ko an yi afuwar ana yi wa mai kisan bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Na kuskure kuwa diyya ce a kan dangin mai kisan na wajen uba, tare da kaffara a kansa shi kaɗai. Final Kod ya bi wata hanyar. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi nufin kashewa, ko ya san mutuwa ce mafi kusantar sakamakon aikinsa, sashe na 222 kuma ya jero yanayin da ke sauke laifin zuwa ɗauri. A wajen kotunan Nijeriya, dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abubuwa uku: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo mutuwar, kuma ya yi aikin da niyya ko da sanin abin da zai haifar.

Duk da bambancin rabe-raben, tsarin biyu sun haɗu a kan cewa laifin kisa na wanda ya aikata ne. Gaskiya ne fiƙihu ya yarda a kashe jama'a saboda mutum ɗaya idan sun haɗa baki suka kashe shi, kamar yadda sashe na 79 na Final Kod ya ɗora laifi a kan duk waɗanda suka yi aiki da manufa guda. To amma haɗin baki aiki ne da ake tabbatarwa a kan kowane mutum da sunansa. Zama ɗan ruga ɗaya, ko ɗan gari ɗaya, ko mai harshe ɗaya da wanda ake zargi ba ya shiga cikinsa. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i ta ba waliyyin wanda aka kashe iko, ta kuma hana shi wuce iyaka, kuma malaman tafsiri sun lissafa kashe wanin makashin a cikin wuce iyakar. Bahaushe ya riga ya faɗa cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Rikicin Zamfara ya ginu ne a kan karya wannan ƙa'ida daga ɓangarori biyu: ɗan bindiga ya ƙone gari saboda wasu 'yan sa-kai sun fito daga cikinsa, ɗan sa-kai ya tare Bafulatani a kasuwa saboda ɓarayin da suka kwashe shanu Fulatanci suke yi. Nazarin da Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar a 2021 ya nuna yadda kisan da ake yi ba tare da shari'a ba ya taimaka wajen mayar da satar shanu yaƙin ɗaukar fansa.

Iyakar kare kai

A Yunin 2022, gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a su nemi izinin mallakar bindiga domin kare kansu, ta ce za ta raba takardun neman izini 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. A ƙarshen Janairun 2024 kuma aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara su sama da 2,600. Tun daga nan kalmar kare kai ta zama ruwan dare a bakin mahukunta da talakawa, ba tare da an bayyana wa jama'a inda ta fara da inda ta ƙare ba.

Haƙƙin kansa ba abin musu ba ne. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki ya amince da amfani da ƙarfin da ya zama dole domin kare rai ko dukiya, Final Kod ya yi bayaninsa daga sashe na 59 zuwa na 67, littattafan fiƙihu kuma sun halatta tunkuɗe mai kawo hari ko da tunkuɗewar za ta kai ga ransa, idan an san ba zai janye da abin da bai kai haka ba. Manomin Bukkuyum da aka faɗo wa gida da tsakar dare, ya harbi wanda ya shigo da makami, ba shi da laifi a kowane ɗayan tsarin biyu. Akwai ma wani sharaɗi a Final Kod da ke cewa babu haƙƙin kare kai inda akwai sukunin neman taimakon hukuma. A ƙauyen da babu ofishin 'yan sanda kusa, ga hanya a hannun maharan, wani lokaci ma babu layin waya, wannan sharaɗi ba ya hana ɗan ƙauye komai, domin sukunin babu shi. Wajibi ne kotuna su auna wanda ake tuhuma da halin da ya samu kansa a ciki, kada su auna shi da halin mazaunin Gusau.

Sai dai haƙƙin yana tafiya ne tare da haɗarin, yana kuma ƙarewa da ƙarewarsa. Wanda ya bi sawu bayan kwana uku ya iske mutane a rugarsu ya buɗe musu wuta ya fita daga babin kare kai. Haka wanda ya kama mutum da rai, ya ɗaure shi, sannan ya yanka shi, domin ɗaurarre ba ya kawo hari. Sashe na 222 ya yi rangwame ga wanda ya wuce iyaka da kyakkyawar niyya, ba tare da shiri tun farko ba, amma rangwamen sauke hukunci ne daga kisa zuwa ɗauri, laifin yana nan. Tsokana ma haka take: dole ta kasance mai tsanani kuma ta ba-zata, kisan ya auku kafin zuciya ta huce. Mutumin da aka kashe wa ɗa bara, ya yi tanadin makami ya ɗauki fansa bana, abin tausayi ne, amma doka ba ta kiran aikinsa tsokana. A fiƙihu, ko waliyyin da ƙisasi ya tabbata gare shi ana ladabtar da shi idan ya zartar ba da izinin shugaba ba, balle wanda ba a tabbatar masa da komai ba. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, shi ya sa shari'a ta karɓe ta daga hannun mai fushi ta miƙa wa alƙali.

Abin da ake kira shaida

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ce tabbatarwar ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. A fiƙihun Malikiyya, kisan ganganci yana tabbata da shaidar maza biyu adilai, ko iƙirarin mai laifi, ko rantsuwar ƙasama. Ƙasama rantsuwa 50 ce da dangin mamaci ke yi, kuma ba a ba su damarta sai an samu lausu, wato alama mai ƙarfi, kamar shaidar adili guda, ko furucin wanda aka raunata kafin ya cika cewa jininsa yana wuyan wane. Dokar Shaida ma, a sashe na 40, tana karɓar maganar wanda ke bakin mutuwa game da sanadin mutuwarsa. Wani abin lura shi ne Muhtasar na Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya fayyace cewa samun gawa a ƙauyen wasu mutane ko a gidansu ba lausu ba ne, domin mai kisa yana iya jefar da gawa a inda zai shafa wa wasu kashin kaji. Idan gawa a ƙofar gida ba ta isa a rantse a kan mai gidan ba, sawun shanu ko na babur da ya nufi wata ruga bai isa a yanke wa mazaunanta hukunci ba.

Iƙirari shi ne inda aka fi samun zamewa. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar furucin da aka samu ta hanyar azabtarwa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mayar da azabtarwar kanta laifi. A mazhabar Malikiyya akwai saɓani da ya kamata a faɗe shi yadda yake: abin da ke cikin Mudawwana shi ne iƙirarin wanda aka tilasta ba ya lazimtarsa, Sahnunu kuwa ya yi sassauci game da wanda ya shahara da ɓarna, kuma Tuhfa ta Ibn Asim ta bi wannan ra'ayi. Ko a ra'ayin sassaucin, magana ce ta alƙali mai binciken wanda aka gurfanar a gabansa. Ba ta shafi taron matasa da suka kewaye mutum da sanduna, wani na ɗauka da waya, suna tambayarsa sunayen masu kai wa 'yan bindiga rahoto ba. Duk sunan da ya fito daga irin wannan zama zato ne, kuma zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Kalmar infoma ta ci rayuka a garuruwa da dama, alhali dokar da Zamfara ta kafa a Yunin 2022 game da fashin daji da garkuwa da mutane ta tanadi hukunci ga masu taimaka wa 'yan bindiga ta hanyar kotu.

Sulhu da haƙƙin magada

Gwamnatocin Zamfara sun gwada sulhu fiye da sau ɗaya: a Disamban 2016 da Buharin Daji, sannan a 2019 da shugabannin dabobi daban-daban. A duk lokacin ana jin kalmar tubabbu. Kalmar tana da asali a aya ta 34 ta Suratul Ma'ida, wadda ta ɗauke haddin fashi daga wanda ya tuba kafin a kama shi. To amma malaman Malikiyya sun bayyana cewa abin da tuba ke kayarwa haƙƙin Allah ne, jini da dukiyar mutane suna nan a wuyan mai tuban har sai masu haƙƙi sun karɓa ko sun yafe. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, M.D. Abubakar, ya jagoranta ya ba da rahoto a 2019 cewa an kashe sama da mutum 6,000 a jihar tun daga 2011, an bar zawarawa kusan 5,000 da marayu sama da 25,000. Waɗannan marayu su ne masu jinin. Gwamna yana da ikon dakatar da yaƙi, kuma sau da yawa dakatarwar maslaha ce, amma ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba. Sulhun da bai kira magada ba, bai ambaci diyya ba, bai rubuta sunan mamaci ba, yana barin fansa a kwance ne har ranar da maraya zai iya saɓa bindiga.

Mai musu zai ce duk wannan karatun zaure ne: alƙali ba ya shiga daji, shaida na tsoron ransa, kuma wanda aka miƙa wa hukuma yau ana iya ganinsa a kasuwa gobe. Ƙorafin yana da tushe, kuma shi ne ya haifi 'yan sa-kai tun farko. Amma shekara fiye da goma na hukuncin kan titi ba su rage kisa a yammacin Zamfara ba, sun dai ƙara yawan masu bin bashin jini. Haka kuma a dokar Nijeriya tuhumar kisan kai ba ta tsufa. Shari'ar da ba ta yiwu bana ba tana iya yiwuwa bayan shekara goma, muddin an adana shaidarta. Abin da ke mutuwa da wuri shi ne shaidar: ana rufe gawa cikin sa'o'i kamar yadda addini ya tanada, wani lokaci a kabari ɗaya, shaidu kuma su watse zuwa Anka, Gummi, Gusau ko Sakkwato.

Rabon masana harshe

A nan ne aikin ya iso ƙofar sassan nazarin Hausa. A Nuwamban 2021, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin da ta kira 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda a matsayin na ta'addanci. Duk mai jin Hausa ya san waɗannan sunaye ne gama-gari, ba sunayen wasu ƙungiyoyi masu shugaba da rajista ba, kuma mayar da su sunaye na musamman a takardar doka ya bar tambayar wa ke ciki wa ke waje a buɗe. Kisan gilla ma ya sauya ma'ana. A bakin malaman fiƙihu yana nufin yaudarar mutum a kashe shi a ɓoye, galibi don dukiyarsa, kuma hukuncinsa na daban ne domin afuwar magada ba ta aiki a cikinsa, kamar yadda kundin shari'ar Zamfara na 2000 ya tanada. A kafafen labarai kuwa ya koma duk wani kisa mai muni. Sulhu, afuwa, tuba, fansa da diyya duk sun shiga irin wannan cakuɗuwa.

Matsalar ta fi tsanani a takardar bayanin wanda ake tuhuma. Ana ɗaukar bayani da Hausa, sau da yawa daga mai karin harshen yamma ko wanda Fulatanci ne harshensa na farko, a juya shi zuwa Ingilishi domin babbar kotu. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka jimlar ya harbe shi tana iya zama aikatau giredi na 2 ko giredi na 4 a tsarin Parsons. Na farko yana nuna harbin ya same shi, na biyu yana nuna harbin ya gama da shi. Haka ya sare shi da ya jefe shi. Ga kuma lamirin da ba ya bayyana mai aiki: wanda ya ce anka halbe shi bai ce munka halbe shi ba, amma tafintan da ke gaggawa yana iya mayar da na farko na biyu, ya mayar da shaida mai laifi. Kotunan Nijeriya sun daɗe da tsayar da cewa idan an ɗauki bayani ta bakin tafinta, dole a kira tafintan ya ba da shaida. Sai dai lauyan da bai san wannan bambanci na nahawu ba ba zai san abin da zai tambaye shi ba.

Ayyuka uku suna jiran jami'o'in Gusau, Sakkwato, Kano, Katsina da Zariya. Na farko, ƙamus na kalmomin shari'ar laifuffuka da masana Hausa, alƙalai da lauyoyi za su yi tare, wanda zai jera ma'anar fiƙihu, ta Final Kod da ta bakin jama'a ga kowace kalma. Na biyu, fassarar babin kare kai zuwa Hausa mai sauƙi da Fulatanci, a boko da ajami, domin askari da ɗan sa-kai su san iyakarsu kafin su saɓa bindiga. Na uku, rajistar mamata a hannun dagatai da limaman da suka sallaci gawawwakin, mai ɗauke da suna, rana, wuri, irin rauni da sunan waliyyi, tare da naɗar muryar shaidu a karin harshensu, a adana ta inda ba za ta jefa su cikin haɗari ba. Ɗaliban da ake turawa ƙauyuka tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin baka sun riga sun koyi dabarun wannan aiki. Da akwai irin wannan rajista a Anka da Bukkuyum a Janairun 2022, da sunaye ne za su raba gardama tsakanin 58 da 200, kuma da kowane maraya yana da takardar da zai riƙe ranar da kotu ta zauna.